Tuwon Girma Miyarsa Nama

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu ba da labarin Yaƙin Duniya na Farko, wanda aka yi daga 1914 zuwa 1918. In aka ambaci matan sarakunan Ingila da suka buɗe asibitoci saboda sojan da aka yi wa rauni, sai a taɓe baki a ce ai riya ce, biki ne ya ishe su suka nemi sabon abin wasa, suka sa fararen kaya don a ɗauki hotonsu a buga a jarida. Masu wannan magana suna ganin sun yi wayo, sun gano abin da ya ɓace wa sauran jama'a. Alhali kuwa rashin adalci suka yi, kuma ɓarnar da ke cikin maganarsu ta wuce ɓata sunan matattu. Amma tun da ba a yanke hukunci sai an ji ta bakin kowa, ya kamata mai karatu ya fara sanin ko su wane ne matan nan, da abin da suka aikata, sa'an nan ya ji abin da ake tuhumarsu da shi.

Kafin yaƙin, wani babban kaso na ƙasar noma ta Ingila yana hannun waɗansu gidaje ne masu sarauta ta gado, masu laƙabi irin su Duke da Marquess da Earl. Kowane basarake yana da ƙaton gida a Landan, da wani a ƙauye tsakiyar gonakinsa. Babban aikin uwargidansa shi ne karɓar baƙi, kada kuwa a ɗauka ƙaramin aiki ne. A dare ɗaya takan tara ɗaruruwan mutane, da ministoci da jakadu da manyan soja da attajirai da mawallafa. Ita ke zaɓen wanda za a kira, ita ke shirya wanda zai zauna kusa da wane. A wurin cin abincin nan ake ƙulla aure, ake sasanta 'yan siyasa, ake yi wa saurayi hanyar samun muƙami. A lokacin mace ba ta da ƙuri'a a zaɓen majalisa, amma duk da haka minista yana shakkar ranar da irin wannan uwargida za ta daina aika masa da takardar gayyata. A ƙarƙashinta kuma akwai kuku da boyi-boyi da masu wanki da masu lambu da direbobi, duk ita ke tsara musu aiki, tana duba lissafin kuɗin gida.

Ran 4 ga Agusta 1914 Ingila ta shiga yaƙi da Jamus, yaƙin da wutarsa ta kai har Kamaru, inda sojan Nijeriya suka yi gumurzu a Garwa da Mora. Gwamnatin Ingila ta shiga da shirin gajeren yaƙi. Nas-nas na dindindin da rundunar soja ke da su ba su kai 300 ba. Ashe abin da ke tafe ya fi ƙarfin wannan shiri nesa. A rana ɗaya tak, 1 ga Yuli 1916, a bakin kogin Somme, sojan Ingila 57,470 suka faɗi, 19,240 daga cikinsu matattu. Raunukan kuma ba irin waɗanda likitoci suka saba gani ba ne. Gonakin Faransa da Beljiyam sun daɗe suna shan taki, saboda haka in ɓarɓashin harsashin igwa ya shiga jiki da ƙasa da tsumman riga, kafin kwana biyu sai rauni ya ruɓe. Allurar fenisilin kuwa ba ta shiga hannun likitoci ba sai a Yaƙin Duniya na Biyu. Mai rauni yana bukatar gado mai tsabta da hannu mai wanke ciwo dare da rana, gwamnati kuwa ba ta da isassun gadaje, ba ta da isassun hannuwa. Kafin yaƙi ya ƙare sai da aka buɗe ƙananan asibitocin taimako fiye da 3,000 a cikin Ingila, a makarantu da ɗakunan taro da gidajen masu hali.

To, ga abin da matan suka yi. Millicent, matar Duke na Sutherland, tana cikin waɗanda suka fi shahara da karɓar baƙi a Landan. Gidan da take tara mutane, Stafford House, shi ne aka sake wa suna Lancaster House, inda shugabannin Nijeriya suka zauna taron tsarin mulki a 1957 da 1958. Tana da shekara 46 yaƙi ya tashi. Cikin watan Agustan nan ta isa garin Namur na Beljiyam da likita ɗaya da nas 8, ta kafa wurin jinya a gidan mata masu ibada. Ba a jima ba Jamusawa suka yi wa garin ruwan harsashi suka ci shi, ita da mutanenta suna ciki suna ɗaure raunuka. Da yake tana jin Jamusanci, ita ta riƙa tsayawa gaban hafsoshin abokan gaba tana neman abin da majinyata ke bukata, har ta sami hanyar fitar da ma'aikatanta ta ƙasar Holan. Wanda ya je yawon buɗe ido, in ya ga haka ya tsira, ai ba ya komawa. Ita kuwa kafin shekara ta ƙare ta koma, ta kafa asibiti kusa da Dunkirk. Da igwa ta matsa wa wurin a 1915, ta kwashe majinyata zuwa tantuna a wata gona a Bourbourg, daga nan zuwa Calais, ta zauna kan aikin har aka ajiye makamai a 1918. Asibitinta ya yi amfani da sabuwar dabarar da Carrel da Dakin suka fito da ita a 1915, watau a sa siraran bututun roba cikin rauni a riƙa ɗura ruwan magani yana wanke shi, dabarar da ta hana a yanke hannuwa da ƙafafu masu yawa.

Almina, matar Earl na Carnarvon, wanda daga baya kuɗinsa ya tono kabarin Fir'auna Tutankhamun a Masar a 1922, ta mayar da gidansu na Highclere asibiti a Satumba 1914. Ɗakunan saukar baƙi suka zama ɗakunan majinyata, ɗaya ya zama ɗakin tiyata. Kuɗin aikin daga attajirin nan Alfred de Rothschild ta samo shi, a 1916 kuma ta mayar da asibitin Landan don ya kusanci manyan likitoci. Constance, matar Duke na Westminster, ta mayar da wani gidan caca a Le Touquet, bakin tekun Faransa, asibiti a ƙarshen 1914. Lady Angela Forbes, ƙanwar Millicent, ta ga jiragen ƙasa suna sauke masu rauni a tashar Boulogne babu mai ba su ko ruwan zafi, sai ta kafa wurin ba da shayi da burodi a Nuwamba 1914, ya zama matattarar ƙananan soja dare da rana. Edith, matar Marquess na Londonderry, ta kafa Rundunar Mata a 1915, ta tara mata masu dafa wa soja abinci da masu tuƙa mota, don mazan da ke wannan aiki su tafi bakin daga. Aikinta ne ya share fagen da gwamnati ta bi a 1917, sa'ad da ta kafa rundunar mata ta kanta a cikin soja.

Sai kuma Lady Paget, wadda uwarta ma sananniya ce wajen tara manyan baƙi a Landan. Ta kai asibiti garin Skopje a ƙasar Sabiya a ƙarshen 1914, daidai lokacin da annobar zazzaɓin taifus, wanda ƙwarƙwata ke yaɗawa, ta soma kashe soja da farar hula da likitoci. Ita ma ciwon ya kama ta, ta sha da ƙyar. Da ta warke ta koma. A Oktoba 1915 sojan Bulgeriya suka ci garin, ta ƙi gudu ta bar majinyatanta, ta zauna a hannun abokan gaba har 1916. Wannan ita ce riyar da ake faɗa? Ƙwarƙwata ba ta tambayar laƙabi kafin ta ciji mutum, harsashin igwa kuma bai san 'yar sarauta ba.

Yanzu sai a saurari masu suka, gama suna da hujjoji, waɗansu ma masu nauyi ne.

Hujjarsu ta farko ita ce son a sani. Suna cewa jaridu sun cika da hotunan matan nan cikin kayan nas da aka ɗinka musu na musamman. Waɗanda suka yi aiki a Le Touquet kuma sun ba da labarin yadda matar Duke na Westminster da ƙawayenta kan ci ado da lu'ulu'u su fito tarbar masu rauni. Gaskiya ne an yi haka, abin kuwa da ban dariya. Amma sanin abin da ke zuciyar mutum sai Allah. Abin da ɗan Adam zai iya aunawa shi ne aikin da ya fito fili: gado nawa aka shimfiɗa, mutum nawa suka shiga a kwance suka fita da ƙafafunsu. In mace ta gina rijiya don a yabe ta, lada tsakaninta ne da Ubangijinta, amma ruwan yana kashe ƙishirwa. Sojan da aka ɗauko daga cikin taɓo aka kwantar a gado mai tsabta bai tambayi niyyar mai gadon ba. Hoton jaridar nan ma da ake zagi, da shi aka riƙa tara gudummawa, gama asibitocin nan da kuɗin jama'a da na masu su suke tafiya.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Nas ta gaskiya sai ta yi shekara 3 tana koyo kafin a ba ta takardar shaida. Shugabannin ma'aikatan jinya, irin su Ethel Bedford Fenwick, sun yi ƙorafi mai zafi cewa matan da ba su taɓa riƙe majinyaci ba sun sa kayan aikin da ba su sha wahalarsa ba, har suna ba ƙwararru umurni. Wannan ƙorafi yana kan hanya, kuma duk uwargidan da ta tsoma hannu a aikin da ba ta iya ba ta cancanci tsawa. Sai dai waɗanda asibitocinsu suka ɗore ba haka suka yi ba. Sun ɗauko likitoci da nas-nas masu takarda suka bar musu jinya, su kuwa suka riƙe abin da suka ƙware a kai. Asibiti ba wuƙar tiyata kaɗai ba ce. Akwai abinci da wanki da gawayin ɗumama ɗaki da motoci da albashi da izni daga hukuma. Macen da ta saba ciyar da baƙi 500 a dare ɗaya ba tare da cokali ya ɓace ba, ita ce ta san yadda ake ciyar da majinyata 100 kullum. Wadda ministoci suka ci abincinta shekara da shekaru, ita ce in ta rubuta takarda ana buɗewa a karanta. Sanin manya da a dā ake kashewa wajen ƙulla aure, shi aka juya ya zama magani da barguna.

A nan ma akwai abin takaici, amma a duba wanda ke da laifin. Likita Elsie Inglis, ƙwararriyar mace daga Sikotland, ta je Ofishin Yaƙi a 1914 ta ce za ta kai asibitin da mata zalla ke gudanarwa. Aka sallame ta, aka nuna mata zaman gida ya fi mata. Faransa da Sabiya ne suka karɓe ta hannu biyu, ta yi aiki har ciwo ya ci ƙarfinta, ta rasu a Nuwamba 1917 da dawowarta gida. In ƙofar da aka rufe wa likita ta buɗu ga mai laƙabi, laifin na mai tsaron ƙofa ne. Ita ma mai laƙabin ba kullum take tsira ba, gama hukumar soja ta kori Lady Angela Forbes daga Faransa a 1917, sai da maganar ta kai gaban Majalisar Sarakunan Ingila a 1918.

Hujja ta uku ita ce da yawa daga gidajen nan hafsoshi kaɗai suke karɓa, watau 'ya'yan manya irinsu. Highclere yana cikinsu. Wannan aibi ne, ba kuwa wanda zai wanke shi. Amma tsarin soja na zamanin ne ya raba wurin kwanciyar hafsa da na ƙaramin soja, kuma shayin Boulogne da tantunan Bourbourg da gadajen Skopje talakawan soja ne suka more su. Masu cewa yaƙin wasa ne a wurin matan nan kuma sun manta da wani lissafi. Cikin kowane 100 na ƙananan sojan Ingila da suka yi yaƙin, wajen 12 suka mutu, cikin hafsoshi kuwa wajen 17, gama ƙaramin hafsa shi ke fara fita daga rami. Lady Desborough, wadda gidanta na Taplow ya yi suna wajen tara manya, ta rasa 'ya'yanta maza biyu a 1915, ɗaya a Mayu ɗaya a Yuli. Uwar da take jiran irin wannan waya ba ta ɗauki yaƙi biki ba.

Saura hujja ta huɗu, ita ce kuwa gaskiya tsantsa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Asibiti yana ɗauke da sunan uwargida, lambar girma tana zuwa ƙirjinta, amma wadda ta kwana tsaye tana wanke mugunya ita ce nas mai albashin fam 40 a shekara. Bayanta akwai 'yan sa kai wajen 90,000, maza da mata, da suka yi aiki ƙarƙashin Red Cross. Bayansu kuma akwai mata fiye da 700,000 a ma'aikatun harsashi, waɗanda gubar albarushi ta mayar da fatar waɗansunsu rawaya. A Barnbow, kusa da Leeds, ma'aikata ta fashe a Disamba 1916 ta kashe mata 35, aka ɓoye labarin saboda sirrin yaƙi. A Chilwell, ran 1 ga Yuli 1918, mutum 134 suka hallaka. Da aka ba mata ƙuri'a a 1918, sai aka ce sai mai shekara 30 wadda ita ko mijinta ke da gida ko dukiya, saboda haka yawancin 'yan matan ma'aikatun nan ba su samu ba sai a 1928. Duk wanda ya ba da labarin matan yaƙin nan ya tsaya kan masu laƙabi, maroƙi ne, ba mai tarihi ba.

To, amma ina maganin wannan? In an manta da sunan nas, gyara shi ne a rubuta sunanta. Goge sunan Lady Paget ba zai ƙara wa matan Barnbow komai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: da mai kuɗi da mai ilmi da mai ƙarfi aka ɗaga ta, kowa kuwa a ba shi gwargwadon abin da ya ɗauka.

Kada kuma a zarce a mayar da matan nan waliyyai. Abin da suka yi biyan bashi ne. Akwai lokacin da gidan Sutherland ya mallaki ƙasa fiye da eka miliyan 1, kuma a farkon ƙarni na 19 an tashi dubban talakawa daga gonakinsu a can don a sami wurin kiwon tumaki. Kuɗin hayar manoma da gumin masu haƙar kwal su suka sayi lu'ulu'un da aka sa a Le Touquet. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jama'ar da ta ɗauki nauyin gida shekara ɗaruruwa tana da hakkin ranar da wuta ta tashi ta ga mutanen gidan sun fito da tulu. Hidimar yaƙi kuma ba ta shafe kuskuren da ya biyo baya, gama gidan Londonderry ɗin nan shi ne ya sauki Ribbentrop, manzon Hitila, a 1936, abin da ya zubar da mutuncin gidan.

Daga nan ne ɓarnar masu ba'a take fitowa fili. Masu dukiya a Ingila a 1914 kashi biyu ne. Akwai waɗanda suka buɗe ƙofa, suka kwashe kujerun alfarma suka jera gadaje, waɗansu suka haye teku suka kwana a tanti. Akwai kuma waɗanda suka ja labule suka ci gaba da shagalinsu. Kashi na biyu ba mai yi musu dariya, domin ba su yi abin da za a ɗauki hotonsa ba, sunayensu ma sun ɓace lafiya lau. In aka ce duk mai girman da ya fito taimako ɗan riya ne, to, an koya wa masu hali cewa zama a ɗaka ya fi tsira da mutunci, an ba marowaci hujja ya ce shi tsoron riya ne ya hana shi. Wanda zai biya kuɗin wannan darasi kuwa shi ne mai raunin da zai rasa gado a yaƙi na gaba, ko annoba ta gaba, ko yunwa ta gaba.

Saboda haka mai karatu, in ya ji ana labarin wani babban gida, ko a Ingila ko a wata ƙasa, kada ya shagala da kirarin maroƙa, kada kuma ya bi masu taɓe baki. Tambayoyi uku sun ishe shi. Ranar da masifa ta sauka, ƙofar gidan a buɗe take ko a rufe? Mai gidan ta tsaya har ƙarshe, ko da ta ji zafi ta janye? Su wane ne kuma suka yi aikin hannu a ciki, an biya su hakkinsu, an ambaci sunansu? Matar da ta zauna da majinyata a Skopje da wadda ta koma Dunkirk bayan ta ga Namur sun amsa ta farko da ta biyu. Ta uku kuwa har yanzu tana wuyan masu rubuta tarihi da masu karanta shi.